Yawan Shanun Kawu Halliru

Kawu Halliru bai taɓa hawa benen ofishinmu ba sai ranar da ya zo ya shaida mini cewa wani mutum a karar shanu ta Babura ya faɗi yawan shanunsa a gaban jama'a. Ya hau a hankali, yana dogara sandarsa a kan matakala, ya yi sallama, ya ƙi kujerar da na ja masa. A bakin ƙofa ya tsuguna, kamar yadda yake yi a gindin bishiya. Abokiyar aikina Nafisat ta kawo masa ruwa, ya karɓa ya ajiye bai sha ba.

"Jalalu," ya ce, "ka ce mini abin nan naku yana da makulli."

"Yana da shi, Kawu."

"To wa ka ba?"

A iya sanina ban ba kowa ba.

Kawu Halliru yayan mahaifiyata ne. Yana zaune a wata ruga bayan Gwiwa, yana noman gero, yana kiwo. A gidansu ba a faɗin yawan shanu. Makiyayi ya san kowace saniya da kamanninta da uwar da ta haife ta, kuma da kallo ɗaya zai gane idan wata ba ta dawo ba, amma adadin garken ko matarsa ba ta ji daga bakinsa. Wasu sun ce tsoron bakin mutane ne, wasu sun ce tsohon tsoron jangali ne da na ɓarayi. Ni dai haka na tashi na tarar.

Bayan na kammala difloma a fannin kwamfuta, na sami aiki a wata ƙaramar ƙungiya da ke Kazaure, wadda take kai wa dabbobi allurar rigakafi a Roni da Gwiwa da Babura. Aikina shi ne kula da manhajar da ke ajiye bayanan makiyaya. Maganin rigakafi yana lalacewa idan ya bar sanyi, saboda haka dole mu san inda kowane garke yake da kuma yawansa kafin mota ta tashi. A shekarar nan an ji labarin ciwon huhu ya ɓulla a ƙetaren iyaka, kuma cuta ce da ke kwantar da garke gaba ɗaya. Ni na yi ta zarya zuwa rugar Kawu har ya yarda. Ranar da ya faɗa mini adadin, sai da ya sallami kowa, ya sa na sunkuyo, ya raɗa mini a kunne. Da aka ji Halliru ya bayar, sauran makiyayan yankin suka bayar da nasu.

"Wane ne mutumin, Kawu?"

"Sama'ilu dillali. Har gurguwar saniyata ya sani. Har mashayar da nake kai su."

Ya miƙe, ya ce zai koma kafin rana ta yi. Na raka shi inda ake hawa babur. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da ranar kasuwa ta zagayo na shiga motar Babura. Na tarar da kara ta cika, 'yan Nijar suna ciniki da sefa, masu kora suna ta fama da bijimai a bakin mota. Aka nuna mini Sama'ilu a wata rumfar mai shayi, mutum mai ƙiba da fara'a, waya biyu a hannu ɗaya. Na gaishe shi da ladabi, na faɗi inda nake aiki.

"Af, kai ne mai manhajar," ya ce. "Zauna mana. A ba malamin kwamfuta shayi, ya sha hanya. Halliru ne ya kai ƙarata?"

"Kawuna ne, Alhaji."

"Kawunka yana da saurin fushi. Cewa kawai na yi, mai shanu kaza ne zai tsaya yana ja mini rai a kan bijimi guda? Yabo ne ai. Sai ya ja bijiminsa ya tafi kamar na zagi mahaifinsa."

Na tambaye shi yadda ya sani. Bai ɓoye komai ba, har da alamar alfahari ya buɗe wayar. Shi ma yana da 'yan shanu a rajistarmu, don haka ya sami saƙon da muke aika wa kowa, mai ɗauke da adireshin shafinsa a intanet. A ƙarshen adireshin akwai lamba.

"Tawa ta ƙare da bakwai," ya ce. "Ina zaune babu ciniki, na ce bari in mayar da ita takwas in gani. Sai ga sunan wani, da rugarsa, da shanunsa. Na sa tara, sai ga wani. To ni me na fasa? Ƙofa na tura ta buɗe."

Ya yi a gabana. Shafin Kawu ya fito, da adadin da aka raɗa mini a kunne, a rubuce da manyan baƙaƙe a rumfar mai shayi.

"Wa kuka nuna wa, Alhaji?"

"Duk wanda ya sha shayi a nan ya gani. Abin nishaɗi ne. Akwai masu kukan talauci da muka gano ashe attajirai ne."

"Duk kun san su?"

Ya ajiye wayar. "Kasuwa ce, ɗana. Wa ya san kowa a kasuwa?"

A hanyar dawowa ina ta tuna abin da aka koya mana tun shekarar farko. Duk manhajar da ke riƙe da sirrin mutane wajibi ne ta yi tambaya biyu kafin ta nuna komai: wane ne kai, kuma abin da kake nema naka ne? Tamu ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauka cewa duk wanda ya zo da lamba shi ne mai ita, ga lambobin kuma a jere, kowace tana bin 'yar'uwarta. Na san manhajar tana da wurin sa kalmar sirri, domin mu ma'aikata da ita muke shiga. Ban taɓa shiga ta ɓangaren makiyaya ba. Na amince da abin da na tarar.

Shugaban sashenmu, Malam Kashim, shi ya rubuta manhajar tun kafin a ɗauke ni. Mutum ne mai kirki wanda aiki ya yi wa yawa. Shi ne mai rubuta rahoto, shi ne mai gyara janareta, shi ne mai zuwa taro. Kafin in tunkare shi na buɗe rubutun manhajar na bi shi layi-layi, domin ba na son in ɗora wa babba laifi a kan zato. Na sami wurin. Layukan da ke tambayar kalmar sirri suna nan, an rubuta su daidai, amma an sa musu alamar da ke hana kwamfuta aiki da su. A samansu akwai ɗan bayani da hannun Malam Kashim: an cire saboda Ardo, a mayar bayan taro.

Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya cire tabarau, ya murza ido, ya daɗe yana kallo.

"Ban mayar ba ashe," ya ce.

"Wane taro ne, Malam?"

"Taron buɗe shirin, a Roni. Damina biyu ke nan. Ba ka zo ba lokacin." Ya jingina da kujera. "Mun tara makiyaya, muka ce Ardo ne zai fara shiga don mutanensa su gani. Dattijo ne mai daraja, idonsa ya yi rauni. Ya danna kalmar sirrin ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Sai wayar ta rubuto da jan rubutu cewa ba a san shi ba, an hana shi shiga. Wani mai karambani ya karanta da ƙarfi. Jalaluddeen, ka taɓa ganin an gaya wa dattijo ba a san shi ba a gaban mutanensa?"

"Ban taɓa ba."

"Ya miƙe, jama'arsa suka miƙe. Na roƙi a ba ni ɗan lokaci, na shiga bayan mota da kwamfuta a cinya, na cire tambayar. Ya dawo ya taɓa, abu ya buɗe, aka yi tafi. Daga nan kowa ya ce manhajarmu ta san girman mutane. Ni kuma na ce zan mayar idan na koma ofis."

 Da ni ne a bayan motar nan, ban tabbata da na yi dabam ba.

Kwanakin da suka biyo baya a kan gyara suka ƙare. Wuta tana zuwa tana tafiya, janareta yana tari, zafi yana saukowa daga duwatsun garin ya cika ɗakin. Da farko na rufe shafukan makiyaya gaba ɗaya. Sannan na sa kowane shafi ya sami adireshi mai tsawo, na haruffa barkatai, wanda ba a iya canko na kusa da shi, kuma ba ya buɗewa sai an shigar da 'yar lambar da za a aika wa wayar mai shi a lokacin. Na canza jan rubutun nan zuwa roƙo mai ladabi cewa a sake gwadawa. Ina cikin bincike na tarar kalmar sirrin babbar ma'ajiyar bayananmu a rubuce tsirara a cikin rubutun manhajar, wanda aka taɓa tura wa ma'aikata da dama ta waya, har da waɗanda suka bar aiki. Na tarar akwatin neman suna yana karɓar duk abin da aka rubuta masa ya miƙa wa ma'ajiyar ba tare da tacewa ba, ta yadda mai wayo zai iya rubuta umarni a wurin suna a bi masa. Duk wanda na toshe sai in ga wani a bayansa. Babu ko ɗaya da mugunta ta kawo. Gaggawa ce, da gajiya, da niyyar gyarawa gobe.

Nafisat ta leƙo ta kafaɗata wata rana da hantsi.

"Ni kam in tambaye ka, Malam Difloma. Me ya sa ma muke nuna wa mutum yawan shanunsa? Mantawa zai yi?"

Na dube ta.

"Ranar allura kawai yake buƙata. Sauran bayanan mu ne muke so, ba shi ba."

Na cire adadin da sunan ruga da mashaya daga shafin gaba ɗaya. Abin da ya fi sauƙi ke nan a duk aikin, kuma da tun farko aka yi shi, da Sama'ilu bai sami abin nishaɗi ba.

Abu na ƙarshe da na duba shi ne tarihin ziyara, wato inda kwamfuta take ajiye labarin duk wanda ya buɗe shafi. Na ga sawun Sama'ilu da abokan shayinsa, nan ɗaya can ɗaya, irin na mai danna waya da yatsa. Sai kuma na ga wani sawu dabam. Wani ya bi shafukan daga na farko har na ƙarshe, a jere, da saurin da yatsa ba ya yi. Wannan ba mai neman dariya ba ne. Ya sa na'ura ta kwashe komai, ya tafi. Ban san ko wane ne ba, ban san ko ɗalibi ne mai gwada iliminsa ko wanda ke sayar wa ɓarayin shanu labari ba, kuma babu hanyar da zan sani.

Na nuna wa Malam Kashim. Ya yi salati a hankali.

"Za mu gaya musu," ya ce, "amma bayan allura. Idan suka ji yanzu za su watse, kuma ciwon huhu ba ya jiran kowa. A yi rigakafin, sannan mu tara su mu ba su haƙuri. Ka fahimce ni?"

"Na fahimta, Malam."

"Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka jinkirta."

Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma na tafi Gwiwa da niyyar bin ta. Babur ya sauke ni a bakin burtali na ƙarasa da ƙafa. Na tarar da Kawu a inuwa yana tufka igiya, shanu suna kwance nesa kaɗan suna tuƙa. Bayan gaisuwa na yi masa bayanin gyaran da na yi, cikin kalmomin da na shirya tun a hanya. Na ce ƙofar da aka bari a buɗe an rufe ta, an canza makulli, kuma ko an shiga yanzu ba za a tarar da adadi ba. Ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba.

"Madalla," ya ce. "Wanda ya riga ya gani fa, za ka iya sa shi ya manta?"

"Ba zan iya ba, Kawu."

"Sama'ilu surutu ne da shi, amma ba ɓarawo ba ne. Na san mahaifinsa." Ya ɗago ya dube ni. "Shi kaɗai ne da mutanen rumfarsa?"

Da bai tambaya ba, da na jinkirta kamar yadda aka umarce ni. Na dubi shanun, na tuna ciwon huhu, na tuna kuma cewa wannan kunnen nawa ne aka raɗa wa. Idan na ce shi kaɗai ne, Kawu zai zauna, za a yi wa garken allura, kuma wataƙila babu abin da zai faru. Wataƙila kuma wasu su zo da bindiga, sun san mashaya, sun san adadin da za su kora.

"Akwai wani," na ce. "Ya kwashe na kowa. Ban san shi ba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya zata.

"Kawu, ina roƙonku ku tsaya har a yi allurar. Saura kaɗan. Bayan nan ku tafi duk inda kuka ga dama."

"Ranar allurar, da wurin da za mu tara shanun, suna cikin abin da ya kwasa?"

"Suna ciki. Amma za mu canza."

"Ku canza ku rubuta a ina?"

 Ya ƙarasa tufkar, ya gwada ƙarfin igiyar a gwiwarsa, ya miƙe ya shiga cikin garken. Ya dawo yana jan wata karsana ja mai farin goshi, ya miƙo mini igiyar. A al'adarsu akan ba ɗan'uwa aron karsana ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma garkenta. Akan yi wa wanda ake so ya kafu, ba a cika yi wa mai zaman ɗakin haya a gari ba.

"Kawu, ina zan kai ta?"

"Gidan uwarka akwai fili. Ta san yadda ake yi, a cikinsu aka haife ta." Ya shafa wuyan karsanar. "Yanzu adadin da ke hannunsu ba daidai ba ne. Sun san yawan shanun wani Halliru, ba nawa ba."

"Ina za ku nufa?"

"Inda ciyawa take."

Amsar da yake ba baƙo ke nan, na sha jin yana ba masu tambaya a hanya. Ya sa mini albarka, ya ce in gaida ƙanwarsa, ya ce na kyauta da na faɗa. Bai ce in zo in gan su ba.

Labari ya bazu kafin in isa Kazaure. Malam Kashim bai tsawata mini ba. Ya dube ni kawai, ya ce, "To, an yi ke nan," ya koma kan rahotonsa. Muka canza rana da wuri, muka aika da baki ta hannun ardo-ardo. Wasu makiyayan sun zo, domin tsoron cutar ya fi musu tsoron ɓarayi. Da yawa ba su zo ba. Muka tsaya a filin da ke wajen Gwiwa, akwatunan magani a inuwar mota, ƙanƙara tana narkewa, malamin dabbobi yana duban hanya.

Na shiga layi da karsanar, a bayan wani dattijo mai babban garke. Ta ba ni wahala tun daga gida, ta taka mini ƙafa, igiyar ta goge mini tafin hannu. Nafisat ce a kan tebur tana shigar da bayanai a sabuwar manhajar, wadda yanzu take tambayar kowa ko wane ne shi.

"Sunan mai shanu?" ta ce, tana danne dariya.

"Jalaluddeen."

"Shanu nawa, Ardo?"

Na buɗe baki in faɗa, sai na ji maganar ta yi mini nauyi. Akwai mutane a bayana, ban san su duka ba.

"Kina gani ai," na ce.

Ta dube ni, ta daina dariyar, ta rubuta da kanta. Malamin dabbobi ya kama karsanar ya yi mata allura, ta zabura ta tsaya. Ya tambaye ni ko sauran garken Halliru suna tafe, domin ya ware musu magani tun da safe. Na ce ban sani ba. Ya mayar da kwalaben cikin akwati, ya rufe, ya kira na gaba.